Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Shekarar Da Aka Ce PHP Ya Mutu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon na tsaya ne a inda na samu aiki a wani ɗan kamfani da ke saman bene a Zoo Road, farkon 2018, bayan na gama bautar ƙasa na yi zaman kashe wando har na gaji. Yau labarin mutanen da na tarar a ofis ɗin ne, kuma kamar kullum ba zan kama suna ba, wanda ya ji a jikinsa ya san kansa.

Aikin kamfanin guda ɗaya ne, fotal na makarantun kuɗi. Malami ya shigar da makin gwaji da na jarrabawa, manhaja ta haɗa ta fitar da na ɗaya zuwa na ƙarshe a aji, a buga rifot, mai karɓar kuɗi kuma ya ga wanda ya biya da wanda ake bi. Wanda ya rubuta abin tun daga tushe shi ne muke kira Injiniya, ya girme mu duka nesa ba kusa ba, kuma da PHP zalla ya rubuta, wato wani harshen rubuta manhajar intanet, HTML da SQL da komai a cakuɗe cikin fayil guda, akwai fayil ɗin da in ka fara gangarawa sai yatsanka ya gaji ba ka ga ƙarshensa ba. Notepad++ yake buɗewa ya yi gyaransa, in ya gama ya ja fayil a FileZilla ya jefa kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da fotal ɗin a intanet, shi ke nan an gama. Ajiyarsa kuwa foldoji ne jere a kwamfuta, akwai sabo, akwai sabo2, akwai na ƙarshe, akwai na ƙarshe na gaske, kuma shi kaɗai ya san wanne ne wanne. Ni da Java na fito daga jami'a, shi ma rabinsa a takarda muka rubuta, don haka bakina alaikum, kallo kawai nake.

Ana haka Oga ya ɗauko wani sabon ma'aikaci. Ɗan Fagge ne ciki da bai amma ya zauna a Yaba, sai muka laƙaba masa Ɗan Legas. Yana can lokacin da Mark Zuckerberg mai Facebook ya leƙa cibiyar fasaha ta CcHUB a watan Agustan 2016, kuma wallahi ba a yin sati bai ba mu labarin nan ba. Ranar farko ya leƙa sikirin ɗin Injiniya ya riƙe baki, ya ce "Injiniya don Allah wai har yanzu akwai masu rubuta PHP? Ai ya mutu tuntuni." Injiniya ko ɗagowa bai yi ba ya ce "Allah ya jiƙansa. Amma ka sani da gawar tasa za a biya ka albashi ƙarshen wata."

To daga ranar aka buɗe fage. Kullum bayan azahar in an kawo shinkafa da wake sai an yi. Injiniya ya ce shi wannan Zuckerberg ɗin naka da me ya rubuta Facebook a 2004 in ba PHP ba, WordPress fa, Wikipedia fa? Ɗan Legas ya ce ai shi ya sa da abin ya ishe su sai da suka ƙirƙiro nasu harshen Hack a 2014, kuma React ɗin da nake faɗa maka, kayan aikin zana shafi da harshen JavaScript, su suka fitar da shi a 2013. Injiniya ya ce JavaScript da Brendan Eich ya haɗa cikin kwana goma shi za ka yi min alfahari da shi, kuma in tsufa ne ai sa'annin juna ne, duk 'yan 1995 ne. Abin da ya fi ƙona wa Ɗan Legas rai shi ne maganar left-pad, lokacin da wani ya yi fushi a Maris ɗin 2016 ya cire ɗan kod ɗinsa mai layi 11 daga npm, rumbun da masu JavaScript ke aron kod, ayyukan manyan kamfanoni suka tsaya cak. Injiniya in ya zo nan sai ya ajiye cokali ya ce "layi sha ɗaya ƙanena, sha ɗaya! Ba za ku iya rubutawa da kanku ba sai kun aro?"

Ta huɗunmu wata 'yar bautar ƙasa ce muna ce mata Malama, ita Python take yi, kuma ba ta cika shiga musun ba sai in Injiniya ya tsokane ta ya ce wane irin harshe ne sarari ɗaya zai hana shi aiki. Ita damuwarta daban ce, zan zo kanta.

Gaskiya a lokacin zuciyata tana wajen Ɗan Legas, don abin nasa yana da kyau a ido, ka danna maɓalli shafi ya canza nan take ba tare da ya sake lodi ba. Oga shi bai san kod ba, ɗan kasuwa ne, da aka dame shi da maganar a rushe fotal a sake sabo da React da Node (shi ma JavaScript ne amma a kan saba yake aiki) sai ya yi tambaya guda, ya ce wa zai biya? Ɗan Legas ya fara bayani, "Yallaɓai ai nan gaba..." ya ce a'a, ni makarantar da ke biyana kashi uku a shekara, wani zangon ma sai na yi sintiri, ita zan ce wa ta ƙara kuɗi don an canza abin da ba ta gani? Kuma akwai maganar saba. Mu hostin na haɗaka muke saya mai cPanel, PHP da MySQL suna ciki, a biya sau ɗaya a shekara da naira a manta. Node kuwa sai an kama saba ta kanka, irin ta DigitalOcean mai dala 5 a wata a lokacin, a nemo katin da zai yarda ya biya dala, sannan a samu mai gadinta in ta faɗi cikin dare. Duk da haka Oga ya ce a gwada da shafi ɗaya, wanda iyaye ke duba sakamakon yaransu.

Ranar da Ɗan Legas ya fara npm install, wato sauko da kod ɗin aro, a kan ɗan MiFi ɗin ofis ana kan janareta, muna kallo data tana zurarewa, Injiniya ya zagayo ya ga girman foldar node_modules ya ce ita kaɗai ta ninka fotal ɗinsa gaba ɗaya har da hotunan ɗalibai. Amma fa shafin ya fito, ya yi kyau, har Oga sai da ya ce masha Allah.

Sai muka je wata makaranta wajen Kurna ranar ba da sakamako, ni aka haɗa da shi. A laftof ɗin shugaban makaranta komai lafiya lau. Can sai ga wata uwa da hijabinta har ƙasa, goyo a baya, ta miƙo wata 'yar itel da fuskarta ta tsage, ta ce "ɗan nan duba min, sun ce a nan ake gani, ni ban ga komai ba." Ɗan Legas ya ce "kawo Mama." Opera Mini ce a wayar. Ya sa adireshi, shafi ya fito fari fat, ya sake, fari fat. Ita Opera Mini ba a wayar take sarrafa shafi ba, sabar kamfanin ce ke buɗe shi ta matse ta turo, shi ya sa ba ta cin data kuma shi ya sa talaka ke sonta, to shafin da gaba ɗayansa JavaScript ne ke zana shi a cikin waya sai abin da Allah ya yi. Ya ce mata ko za ta sauke Chrome, ta dube shi ta ce da wace datar, ta naira ɗari ta sa don wannan kawai. Na buɗe mata tsohon adireshin Injiniya, mummunan teburin nan nasa mai shuɗin layi ya fito nan da nan, ta ga yaronta ya zo na bakwai ta yi ta sa mana albarka. A adaidaita sahu har muka dawo Ɗan Legas bai ce uffan ba.

Kar ku ɗauka Injiniya ya ci gari, nasa na tafe. Tun zuwan Malama take cewa a koma Git, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa kod, har ta gaji da bayanin cewa Linus Torvalds ya yi shi ne a 2005 don dubban mutane su yi aiki a kan Linux ba tare da sun taka juna ba, mu huɗu kacal me zai gagare mu. Injiniya ya ce "ƙanwata ni filashina ya ishe ni." Wata Juma'a a makon sakamako ita ta gyara lissafin matsayi da safe ta ɗora, shi kuma wajen sha biyu ya gyara wani abu daban a cikin fayil ɗin, amma a tsohon kwafin da ke ɗaya daga foldojin nan nasa, ya jefa a saba ya shafe nata, ya ɗau dardumarsa muka tafi masallaci. Ana idar da salla na kunna waya, kira ne a jere. Aji guda yara uku sun zo na ɗaya, wani mai maki sama da tamanin ya koma na ƙarshe, kuma wata makarantar har ta buga ta raba. Ranar ba wanda ya koma gida sai bayan isha, kuma da ba don Malama tana da nata kwafin a Git a laftof ɗinta ba da ban san yadda za mu ƙare ba.

Litinin Oga ya kafa doka biyu, ba a ɗora komai a saba ranar Juma'a, kuma kowa ya koma Git. A shafin Bitbucket muka buɗe ma'ajiyar kod ɗinmu don lokacin a takwaransa GitHub sai ka biya kafin ka ɓoye aikinka, sai a Janairun 2019 suka mayar da shi kyauta, bayan Microsoft ta saye su dala biliyan 7.5. Injiniya ya shiga amma a dole, saƙon da yake rubutawa a kan kowane gyara shi ne "gyara", na gaba "gyara kuma", akwai wanda ya rubuta "Allah ya sa a dace". Har yau in na ga ana cacar baki a kan wane harshe ya fi, ni a raina Malama ce ta fi su gaskiya su biyun, kuma ita ce aka fi yi wa banza.

Ɗan Legas ya kawo mana taron tsaye na safe ma, wai minti 15 kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da wanda zai yi yau. Gaisuwa kaɗai, ina kwana ya gida ya mai jiki, ta cinye minti goma, Oga kuma ya ce shi ba zai tsaya a ofis ɗinsa ba, in ya zauna kuwa wa zai tsaya masa a ka. Bai yi wata ba ya koma zaman shayi.

Maganar fotal a ƙarshe a Laravel aka sasanta, PHP ne don haka Injiniya bai faɗi ba, kuma yana da tsari irin na zamani don haka Ɗan Legas ya samu abin faɗa wa abokansa na Yaba. Ni aka ɗora wa kwashe rumbun bayanan ɗalibai zuwa sabon tsarin, ina cikin wannan ne Oga ya kira ni ofis ya ce wata makaranta tana son manhajar Android, tunda an ce na iya Java to ga ni ga ta. Laftof ɗina RAM ɗinsa 4GB ne, duk wanda ya taɓa buɗe Android Studio, inda ake rubuta manhajar Android, a irinsa ya san abin da ke jirana. Nan za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.