Godiya bayan walimar ritayar Baba

Assalamu alaikum. A madadin Baba da Hajiya da ƙannena, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako ya zo walimar da muka yi ranar Asabar a Samarun Zariya, ta murnar kammala aikinsa lafiya a hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga tsofaffin abokan aikinsa da suka taso daga Abuja da Kano, har da dattijon da suka yi kwas tare a makarantar horar da ma'aikatan yanayi ta Oshodi a Legas. Su suka tuna mana inda aka faro. Lokacin da Baba ya kama aiki ba a ma kafa NiMet ba, sai a 2003 aka yi dokar da ta mayar da sashen kula da yanayi hukuma mai cin gashin kanta. Ƙaramin ma'aikaci ne a filin jirgi, ya buɗe farin akwatin nan mai tsaga-tsaga ya duba ma'aunin zafi, ya juye ruwan saman da mazurari ya tara a kwalba mai lamba, ya rubuta da biro. Ko ranar Sallah sai an rubuta. In hunturu ya shigo, ƙura ta taso daga Chadi hazo ya rufe gari, da rahotonsa matuƙi zai san ko jirgi zai tashi. Daga nan Allah Ya yi ta ɗaga shi har ya zama cikin manyan da ke zama kan hasashen damina da hukumar ke fitarwa farkon kowace shekara.

Amma ni a ganina, zuwan manoman Giwa da Soba shi ya fi komai faranta masa rai. Wani dattijo cikinsu ya miƙe ya ce da can ruwan farko na sauka sai su ruga su shuka masara, ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone, a sake sayen iri. Yanzu kuwa sai sun ji a rediyo lokacin da damina za ta kankama da inda ake tsoron ɗaukewar ruwa. Ya kawo buhun masara, Baba ya ce ba zai karɓa ba, dattijon ya rantse ba zai koma da shi ba. Buhun dai yana zaure.

Malam Liman, mun gode ƙwarai. Mun taso ana yi mana tsiya a makaranta, wai babanmu na da'awar sanin gaibu. Bayanin da Malam ya yi, cewa hasashe kirdado ne bisa alamomin da Allah Ya sanya a sama da iska, saukar da ruwa kuma nufinSa ne Shi kaɗai, ya wanke mu a gaban jama'a.

Malaman cibiyar binciken noma ta IAR da na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, matan unguwa da suka kwana a bakin murhu, samarin da suka yi ta jigilar kujeru, duk mun gani, mun gode.

Waɗanda uzuri ya hana su zuwa, Baba yana gida yanzu, ana samunsa bayan la'asar.