Daga Sitidiyon Jami'a Zuwa Filin Gini a Sakkwato

Ofishina ƙarami ne a cikin birnin Sakkwato, kuma aikinmu shi ne zanen gine-gine da sa ido a kan yadda ake gina su. Mafi yawan abin da ke shigo mana gidajen zama ne a unguwannin da ke bunƙasa irin su Arkilla da Bado da Mabera, sai shaguna da azuzuwan makarantun Islamiyya, wani lokaci kuma masallacin unguwa ko ƙaramin asibiti. Tare da ni akwai matasa kaɗan masu zane a kwamfuta, akwai kuma injiniyan da muke kira idan aiki ya kai ga bene, domin lissafin rodi da ginshiƙi nasa ne, ba namu ba. Iyaye sukan zo da 'ya'yansu da suka gama sakandare su tambaye ni yadda ake shiga wannan sana'a, ɗaliban jami'a kuma sukan zo neman wurin koyon aiki. Abin da nake faɗa musu duka shi ne, digiri yana koya wa mutum yadda zai yi tunani a kan gini, amma abin da zai sa a ɗauke shi aiki shi ne ya iya fitar da zanen da birkila zai karanta ya gina, wanda kuma iyali za su iya zama a cikinsa a watan Afrilu.

Hanyar shiga ba ta da wani ɓoyo. Yaro yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, a JAMB ma waɗannan ukun ne ginshiƙi, sai ya ƙara ɗaya daga cikin irin su kemistiri ko labarin ƙasa ko zanen fasaha, gwargwadon abin da jami'ar da yake so ta nema. Sashen da ya fi kowane daɗewa a ƙasar nan shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda asalinsa ya girmi jami'ar kanta, domin an fara karatun a Ibadan a 1952 ƙarƙashin kwalejin fasaha ta wancan lokaci, aka mayar da shi Zariya a 1955, jami'ar kuma aka kafa ta a 1962. Yanzu akwai sassan a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Minna, da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da ta Jos. Kafin uba ya biya kuɗin makaranta, ya kamata ya bincika ko hukumar rajistar masu zanen gine-gine, wato ARCON, ta amince da sashen, saboda takardar sashen da ba a amince da shi ba tana tsayar da mutum a rabin hanya.

Digirin farko galibi shekara huɗu ne, kuma zuciyarsa ita ce sitidiyo. Ɗaki ne babba mai teburan zane, inda ɗalibi yake wuni, sau da yawa har ya kwana, a kan aiki guda da aka ba shi na tsawon makonni. Ana farawa da ƙananan abubuwa kamar rumfar jiran mota ko gidan mutum ɗaya, sannan a hau zuwa makarantar firamare, da kasuwa, da asibiti. Sauran darussa suna zagaye da shi: tarihin gine-gine, kayan gini da yadda ake haɗa su, ƙarfin gini, hanyoyin ruwa da wutar lantarki, da yanayin ƙasa. A ƙarshen kowane aiki ɗalibi yana manna zanensa a bango, ya ajiye ƙaramin samfurin da ya yanka da kwali, ya tsaya gaban malamai su yi ta yi masa tambayoyi, abin da ɗalibai suke kira juri. Yara da yawa suna ɗaukar wannan zama a matsayin wulaƙanci, amma a ganina babu darasin da ya fi shi amfani, domin ranar da mutum ya zauna gaban wanda zai kashe miliyoyinsa a kan zanen, irin tambayoyin nan ne za su dawo, kuma ba za a yi su da ladabin malami ba. Wanda ya saba a ce masa matakalarsa ba ta kai bene ba, ya koma ya gyara ba tare da ya yi fushi ba, ya riga ya koyi rabin sana'ar.

Inda nake da ƙorafi shi ne abin da kwamfuta ta jawo. Ba wai ina ƙin ta ba ne, domin a ofishina ma da AutoCAD da Revit da SketchUp muke aiki, kuma wanda bai iya ko ɗaya daga cikinsu ba babu inda zai samu aiki a yau. Matsalar ita ce ɗalibi yakan fara koyon yadda zai fitar da hoto mai ƙyalli, da motoci a ƙofar gida da itatuwan da ba sa tsirowa a ƙasarmu, tun kafin ya san kaurin bangon da ya zana. Sai ya kawo mini gida mai gilashi tun daga ƙasa har sama yana fuskantar yamma. A Sakkwato, inda zafin bazara yake wuce digiri 40, kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, irin wannan falo da la'asar tanda ne. Abin da nake so ɗalibi ya fito da shi daga jami'a shi ne ya san cewa dogayen bangaye da manyan tagogi arewa da kudu ya kamata su kalla, bangon gabas da na yamma kuma a taƙaita su ko a yi musu baranda. Ya san cewa silin mai tsayi da ƙananan kafofi a sama suna fitar da iska mai zafi. Ya san cewa hadarin damina da iskarsa galibi daga gabas suke tasowa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka taga tana da inda take amfani da inda take zama wahala.

Magina na gargajiya sun san duk wannan ba tare da littafi ba, shi ya sa nake matsa wa duk wanda ya zo wurina ya shiga tsohon gari, wajajen Kanwuri da Hubbare, ya nemi izini ya auna tsohon soro da tef, ya zana shi. Ya duba kaurin bangon tubali da yadda yake riƙe sanyin dare har rana ta take, ya duba yadda ake jera azara, da yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ake yi a ƙarƙashin rufi, yake ɗaukar rufin ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, da inda aka sa indararo don kada ruwa ya ci bango. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da ƙasa da azara, kuma har yau ɗaliban zanen gini suna zuwa nazarin rufinsa. A maƙwabciyarmu Nijar, masallacin Yaama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Francis Kere na Burkina Faso, wanda ya samu lambar Pritzker a 2022, ya yi suna ne da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando, wadda ya gina da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta riƙa ratsawa. Ba ina cewa mu koma gina kowane gida da tubali ba ne, domin siminti yana nan Kalambaina a ƙofar gidanmu, kuma mai gida ba ya son yaɓe kowace shekara. Abin da nake nufi shi ne dabarar inuwa da iska ba ta tsufa, kuma ana iya yin ta da bulo.

Abu na biyu da jami'a ba ta cika koyarwa sosai ba shi ne sauraron mai aiki. Alhaji zai zo da takardar fili ƙafa 50 da 100, ya ce yana son ɗakuna kaza, kuma idan aka tsaya a nan za a zana masa gidan da ba nasa ba. Sai an zauna an yi hira ake gane cewa matansa biyu ne, kuma dole sashen kowace ya zama daidai da na 'yar'uwarta har a faɗin taga, in ba haka ba an gina masa rigima. Ana gane cewa baƙonsa namiji bai kamata ya ga tsakar gida ba daga inda yake zaune, wato aikin da zaure da shigifa suke yi a da yana nan ko da an canza musu suna. Ana gane cewa za a yi girkin itace ko gawayi ranar suna da Sallah, don haka kicin na ciki kaɗai bai isa ba, kuma akwai ragon layya da za a ɗaure a wani wuri. Sannan ga maganar bayi, wanda bai kamata mai amfani da shi ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, a tambayo mana Hajiya inda take son kicin ɗinta," domin ita ce mai wuni a gidan. A nan ne 'yan mata da suka karanta wannan fanni suke da wata dama da mu ba mu da ita, saboda suna shiga har cikin gida su ji daga bakin masu shi, kuma ina ganin iyaye a nan Sakkwato ba su gama lura da wannan ba.

Sai fili. A cikin shekarun digiri akwai wata shida na koyon aiki, shirin da ake kira SIWES wanda asusun horar da ma'aikata na ITF yake kula da shi, kuma yadda ɗalibi ya yi da watannin nan yana bayyana a aikinsa shekaru bayan haka. Wasu suna neman ofishin da za a sa musu hannu a littafi kawai su koma gida. Wanda ya zo wurina, ranar da ake fitar da harsashi da igiya da turaku yana wurin, ranar zuba kankare ma yana wurin tun da safe, yana ƙirga kwanon yashi da na tsakuwa da ake zuba wa buhun siminti, domin haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da ya rubuta a jarrabawa a nan ne ake cinye shi idan babu mai kallo. A nan yake gane cewa bulo mai inci tara tsawonsa milimita 450 ne, kaurinsa 225, kuma idan ya zana bangon da awonsa bai yi la'akari da wannan ba, birkila zai yi ta fasa bulo ana asara. Akwai wani dattijon birkila da muke aiki tare, wanda ya taɓa duba zanen wani ɗalibi mai bangon bene da babu komai a ƙarƙashinsa, ya ce masa, "Ɗana, wanga bango a takarda kaɗai shika tsayawa." Yaron bai ji daɗi ba, amma washegari ya dawo da zanen da ya yanka ginin daga rufi har harsashi, ya nuna inda kowane nauyi yake sauka. Birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi ba sa raina ɗan jami'ar da ya tambaye su. Wanda suke rainawa shi ne mai tsayawa nesa da hular kwano yana ba da umarnin da bai fahimta ba.

Dole kuma ɗalibi da iyayensa su san cewa digirin farko ba ya mayar da mutum cikakken mai zanen gine-gine a idon doka. Bayan shekara huɗun akwai digiri na biyu na shekara biyu, akwai hidimar ƙasa, akwai aƙalla shekara biyu na aiki ƙarƙashin mai rajista, sannan jarrabawar ƙwarewa, kafin hukumar ARCON, wadda aka kafa da dokar soja ta 1969, ta ba mutum lamba da hatimi. Ƙungiyar masu sana'ar kuwa, NIA, tun 1960 take. Idan aka haɗa, tafiyar kimanin shekara tara ce, ban da abin da yajin aikin malamai zai ci. Masu difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha suna fitowa da hannu mai kyau a zanen aiki, sau da yawa ma sun fi ɗan jami'a sanin yadda ake haɗa linta da bango, amma hanyarsu ta zuwa cikakkiyar rajista ta fi tsawo, kuma gara su san haka tun da wuri. Karatun yana da tsada ta wata fuskar da ba a cika faɗa ba: kwamfuta mai ƙarfin ɗaukar manhajojin zane, da kuɗin buga manyan takardu, da kwali da gam na samfuri a kowane zango.

Game da samun abinci a sana'ar, gaskiya ita ce mutane da yawa a nan suna ganin zane ba abin biya ba ne. Mutum zai sayi tirelar siminti ba tare da ciniki ba, amma ya nemi a ba shi zanen gidan wani ya kwafa, ko ya sa wani yaro ya zana masa a kuɗin cefane, sannan ya zo neman mai rajista ya buga masa hatimi don hukumar tsara birane ta amince. Ba na buga hatimina a kan abin da ban zana ba, kuma ina gargaɗin matasa da su guji haka, domin ranar da ginin ya tsage sunan mai hatimin za a nema. Ƙaramin ofishi irin namu yana rayuwa ne da haɗa zane da sa ido a fili, da kuma mutanen da suka shiga gidan da muka yi suka ji sanyinsa suka tambayi wanda ya zana.

Idan matashi ya kawo mini kundin ayyukansa yana neman aiki, hotuna masu launi nakan wuce su da sauri. Abin da nake tsayawa a kai shi ne zanen ƙasa mai cikakken awo a sikelin 1:100, da zanen da ya yanka ginin ya nuna harsashi da rufi, da jadawalin ƙofofi da tagogi, da ko akwai wani gini na gaske da ya taɓa aunawa da hannunsa. Daga nan sai in miƙa masa fensir da farar takarda, in ce ya zana mini matakala daga ƙasa zuwa bene mai tsayin mita 3, ya faɗa mini taka nawa za ta yi da tsayin kowace.