Yoyon tukunyar zoɓona ba daga famfo yake ba

Tukunyar lantarkin da nake dafa zoɓon sayarwa da ita mai cin lita 30 ce, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, hita a gindi, famfo a gefe. Gab da azumi ta fara yoyo, lokacin da mai zoɓo ba ta da sararin zama. In na cika ta da ruwan sanyi, ko ɗigo babu. Sai ta ɗauki zafi ta kusa tafasa, sannan jan ruwa ya fara taruwa a ƙarƙashinta.

Duk wannan na faɗa wa mai gyaran unguwarmu, amma kunnensa na wani wurin. Ya ce famfo ne. Ya naɗe wuyan famfon da farin tef, ya kwaɓa gam ɗin nan mai haɗi biyu ya lafta, ya bari ya bushe, ya cika ta da ruwan rijiya. "Hajiya, kin gani? Ko ɗigo." To ai dama da ruwan sanyi ba ta taɓa yoyo ba! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na dawo gida na zuba zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Tana fara ƙugi na kai hannu kan mariƙinta, wuta ta fizge ni har kafaɗa. Kafin in kai ga soket na ji "fat", ƙauri ya cika kicin. Hita ta ƙone. Ranar a kan gawayi na ƙarasa, masu saro suna ta sallama a ƙofa.

Maigida ne ya ce mu kai ta Panteka, kasuwar masu ƙira da gyaran kayan ƙarfe. Wani dattijo ya karɓa, bai ko kalli famfon ba. Ya kife ta, ya kwance murfin gindin, sai ga sawun jan ruwa da ya bushe, ya taso daga bakin ramin da hita ke shiga ya gangaro kan ƙafafun hitar biyu, daidai inda wayoyi ke haɗuwa. Robar da ke tsakanin hita da jikin tukunya ta sandare ta tsage, kamar tsohon silifa da ya kwana biyu a rana. Ya ce ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, roba mai rai tana binsa, wadda ta mutu kuwa sai ta bar kafa. Ga tsamin zoɓo yana cin ta kullum. Shi ya sa gwajin ruwan sanyi bai nuna komai ba.

Hitar mai wat 2,500 ce. A wutarmu ta bolt 230 tana jan kusan amp 11, kuma a kan wayoyinta ne ruwan tsamin ke ɗiga. Da ya buɗe fulogin sai ya tarar ƙafa ta uku, ta atin, wadda ke kai wuta ƙasa in ta taɓa jikin tukunya, ba a haɗa mata waya ba tun asali. Ya dube ni ya ce, "'Yata, Allah ne ya yi da sauran kwananki."

Wani yaron shago ya ce a like bakin ramin da dalma a huta. Dattijon ya daka masa tsawa. Abin da mutane za su sha, mai tsami kuma, ba a kusantar da shi da dalma. Wanda ya tuna yaran da gubarta ta kashe a Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Sabuwar hita, da zoben roba na silikon wanda ke jure zafi har digiri 200, ba baƙar robar famfon wanka ba. Ya goge bakin ramin tas, ya zaunar da zoben, ya ɗaure noti da hannu, sannan ya ƙara kaɗan da sifana. In aka matse da ƙarfi, in ji shi, robar ce za ta tattare ta fito gefe, yoyo ya dawo. Ya haɗa atin. Sai ya ɗora ta a kan busasshen kwali ya tafasa ruwa, ya cire fulogi ta huce, ya sake tafasawa, sannan ya ɗaga kwalin ya nuna mini.

Duk wadda tukunyarta ke yoyo, ta cire fulogi tukuna, ta sa a buɗe gindin a bi sawun ruwan. Kada kuma ta biya kowa sai ta ga an tafasa ruwa a gabanta. Kuɗin zoben bai kai na galan ɗaya na zoɓo ba, ni kuwa na sayi hita, na biya aiki sau biyu. Gam ɗin mutumin can yana nan daram a wuyan famfon, ya hana a kwance shi a wanke, sai dai in riƙa zura siririn buroshi ina fito da tukar zoɓon da ke maƙalewa a ciki.