Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Nishin Tsakiyar Magana

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin tafinta a wani asibitin yara nan Maradi. Albashin bai taka kara ya karya ba, kuɗin haya da maganin Baba kan cinye rabinsa tun kafin ya shigo hannu. Duk da haka, abin da ya riƙa hana ni barci a lokacin wani abu ne dabam.

Aikina tsayuwa ne tsakanin likita da uwar yaro. Shi ya yi Faransanci in mayar mata da Hausa, ita ta yi Hausa in mayar masa. A nan kunnena ya buɗe ga ƴan sautukan da babu mai fassara su. Likita in kalma ta ɓace masa sai ya zumɓura baki ya ja "euh", ko ya ce "bon". Uwa kuwa "to" take cewa, ko "wato", ko ta yi ta "abin nan, abin nan" har sunan ciwon ya faɗo mata. In aka tambaye ta ko yaro ya shanye maganinsa ta fara da "e to", na san akwai magana a ƙasa. Ko kuɗin saye ne babu, ko maigida ne ya hana. Sai in sassauta murya in sake tambaya, domin ran yaro na iya rataya a kan wannan ɗan jinkirin.

Wata ranar Juma'a muna tsinkar zogale, Inna ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, wannan nishin da kike yi tsakiyar magana, a lakwal aka koya miki shi?"

Gabana ya faɗi. Ashe "euh" ya biyo ni har cikin Hausar gidanmu. Daren nan na yi ta juyi ina tambayar kaina da wane harshe nake tunani, kuma wanne ƴaƴana za su tsotsa a bakina.

Daga nan na shiga kasa kunne ko'ina. Ƴan bokon Katsina masu shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa "em" suke ja, irin na masu Turancin Ingilishi. Malaman da suka yi karatu a Masar ko Sudan ba sa rabuwa da "ya'ani" ko da wa'azin da Hausa ne. Wanda ya fi ba ni mamaki na mutanen Japan ne: in suna neman kalma, "eto" suke cewa, kusan daidai da namu. Na kunna wa Inna a waya, ta sa na maimaita, sannan ta ce, "Allah mai iko, waɗannan ma mutane ne masu kunya."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da mai gidan haya ya aiko a kira Baba.