Sawun Kyanwar Daji a Dajin Kluane

Asabar, watan Fabrairu

Tun da asuba muka bar garin Whitehorse zuwa dajin da ke gefen tafkin Kluane, nan Yukon, arewacin Kanada. Sanyi har cikin ƙashi. Sai wajen ƙarfe tara gari ya fara wayewa.

Ban ga kyanwar ba, sawunta na gani, kuma ya ishe ni. Dattijon da ke mana jagora ya tsuguna ya ce, "Yaro, kawo hannunka." Na ɗora tafina a kai, ga shi ya kusa cika shi! Dabbar da nauyinta bai wuce kilo 10 da ɗoriya ba, amma ƙafa kamar faifai. Ba alamar farce ko ɗaya, don tana maƙale su ciki in tana tafiya, gashin tafin kuma ya dusashe gefen sawun. Da wannan faɗin take tafiya a kan dusar ƙanƙara ba ta nutsewa. Ni kuwa ina kauce wa hanya na shige har gwiwa.

Links ake ce mata. Gajeren wutsiya mai baƙin baki, da tukun baƙin gashi a kan kunnuwa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda rayuwarta ta rataya a kan wani nau'in zomo guda, wanda ke rikiɗa fari fat da hunturu. Kusan duk shekara 10 zomayen kan yi yawa, su cinye tsiron itatuwa, dabbobi masu farauta su yi musu ca, sai su ragu ƙwarai. Bayan shekara ɗaya ko biyu kyanwar ta bi sahu: mata su daina haihuwa, 'ya'ya su mutu, manya su yi ta gararamba ɗaruruwan kilomita neman abinci. Daga littattafan cinikin fatu na kamfanin Hudson's Bay masana suka fara gano wannan hawa da sauka.

Mun bi sawun har gindin wani kurmi. Nan muka tarar da tsalle uku masu nisa, ɗan jini, da farin gashi warwatse. Dattijon ya nuna min rassan da zomo ya datse, yanka a karkace kamar da wuƙa. Tausayin zomon ya kama ni, na kuma ji daɗi cewa kyanwar ta samu abin kaiwa baki.

A mota na yi Azahar. Har yanzu yatsuna ba su gama dawowa daidai ba.