Godiya bayan daren waƙoƙinmu

Salama gare ku 'yan'uwa. Sai yau na iya riƙe waya in rubuta, muryata ma har yanzu ba ta dawo ba. Kun san yadda aka sha fama tun daga neman benci har zuwa motar baƙinmu na Numan da ta kwana a hanya bayan Gombe, ba sai na maimaita ba. An yi, an tashi lafiya, yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata. Muna tsakiyar waƙa ta huɗu janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Piyano ya ɗauke, lasifika ta yi shiru, filin majami'a ya yi duhu ƙirin, ga jama'a maƙil har da waɗanda suka tako daga ƙauyukan Sumaila da ƙafa. Gwiwata ta yi sanyi. Wata uku muna gwaji kowace Laraba da Asabar, wasu daga gona suke zuwa ko wanka ba su yi ba, sai ga shi abu zai watse a hannuna. Ban ankara ba sai na ji bugun tulu daga ɓangaren zumuntar mata. Mama shugabarsu ce, wadda ciwon ƙafa ya hana ta tsayuwa, tana zaune ta ɗauki baitin daidai inda muka tsaya. Mata suka amsa, masu shantu suka shiga, yara suka kunna fitilun waya. Na tsaya riƙe da makirufo marar amfani ina hawaye. Mama, kin hana a ambace ki, ki yi mini gafara, yau na saɓa.

Haka ma maƙwabcinmu mai shagon cajin waya. Musulmi ne, yana idar da sallar isha'i ya ji shirun ya yi yawa, ya ɗoro nasa janareton a baro ya turo da kansa. Kuɗin fetur ma ya ƙi karɓa, har ya so ya yi fushi da na matsa. Malam, Allah ya buɗa maka kasuwa, ya raya maka zuri'a, ya kai maka ɗauki ranar da kai ma kake nema.

Mun zaɓi ƙarshen Oktoba ne don tunawa da 31 ga wata, 1517, ranar da Martin Luther ya fara gyaran ikilisiya, shi da ya rubuta waƙoƙi da harshen mutanensa don kowa ya rera, ba malamai kaɗai ba. Baƙinmu kuwa daga Numan, inda aikin LCCN, wato ikilisiyar Lutheran ta Najeriya, ya fara a 1913, suka taso, suka rera da Bacama, mu muka amsa da Hausa. Ubangiji ya mai da ku gida lafiya, ya tsare hanya.

Baba Fasto, dattawa, Mai unguwa da ya ba mu aron tabarmi, matan da suka kwana tuƙa tuwo, Allah ya saka, ya ƙara ƙarfi, ya sa albarka a hatsin bana.

Su kawu na birni da suka yi alkawarin lasifika biyu, mun ajiye muku kujeru a gaba har aka tashi. Wataƙila uzuri ne.

An tsinci mayafi shuɗi da takalmin yaro ƙafa ɗaya, suna wurin Baba mai gadi. Matasa, gobe da yamma za mu mayar da benci.