Bjorn Borg da haƙurin da ba da shi aka haife shi ba

Ranar Asabar da yamma na raka ɗana filin tanis na Dandalin Murtala a nan Kaduna, kuma ina zaune a gefe ya zubar da maki uku a jere, sai ya ɗaga raket ya maka da ƙasa. Ban ce masa uffan ba a gaban abokan wasansa, amma da muka kama hanyar gida na ba shi labarin Bjorn Borg, ɗan ƙasar Suwidin da 'yan jarida suka riƙa kwatantawa da ƙanƙara saboda sanyin ransa a fili.

An haifi Borg a birnin Stockholm ranar 6 ga Yuni, 1956, ya tashi a garin Sodertalje. Mahaifinsa ne ya ci kyautar raket a wata gasar ƙwallon tebur ya ba shi, shi kuwa yaron ya duƙufa yana buga ƙwallo a jikin ƙofar gareji ba dare ba rana. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a lokacin ƙuruciyarsa Borg mai zafin zuciya ne, yana zagi yana jifa da raket, har ƙungiyarsu ta dakatar da shi na tsawon watanni. Da ya dawo sai ya kama bakinsa, ya haɗiye fushinsa. A ganina, wannan dakatarwa ita ce tushen duk abin da ya biyo baya, domin natsuwar da duniya ta yi ta mamaki ba halitta ba ce, horo ne da ya ɗora wa kansa, kuma mai horar da shi Lennart Bergelin ya ƙara ɗaure masa gindi a kai.

Yana ɗan shekara 15 ya fara buga wa ƙasarsa gasar kofin Davis a 1972, a 1975 kuma ya jagoranci Suwidin ta ɗauki kofin a karon farko. Ya lashe gasar Faransa sau shida tsakanin 1974 da 1981, ya kuma lashe gasar Wimbledon ta Landan sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980, wato manyan kofuna 11 ke nan. Wanda bai taɓa riƙe raket ba zai yi wuya ya gane nauyin haɗa waɗannan biyun. A filin jar ƙasa na Faransa ƙwallo tana tafiya a hankali tana tashi sama, saboda haka sai mai juriya da dogon numfashi. A filin ciyawa na Landan kuwa tana sulɓewa ƙasa-ƙasa da sauri, ba ta jiran kowa. Makonni biyu kacal ke tsakanin gasannin a wancan zamani, amma Borg ya cinye su tare shekara uku a jere, 1978 da 1979 da 1980, da raket na katako.

Wasan da na fi daɗewa ina yi wa ɗana bayaninsa shi ne wasan ƙarshe na Wimbledon a 1980, tsakaninsa da John McEnroe na Amurka, mutumin da ya yi suna wajen faɗa da alƙalan wasa. A zubi na huɗu Borg ya sami dama har sau bakwai ya kammala wasan, duka suka kuɓuce masa, McEnroe ya ci bugun raba gardama da maki 18 da 16. Duk wanda ya ga kofi ya zo hannunsa sau bakwai ya zame, ba laifi ba ne idan gwiwarsa ta yi sanyi. Borg ya koma bayan layi fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ci zubi na biyar 8 da 6, sannan ne ya durƙusa a kan ciyawa.

Sai dai haɗiye fushi shekara da shekaru yana da nasa tsadar, kuma ban ɓoye wa yaron wannan ba. Gasar Amurka ta gagare shi, sau huɗu yana kai wa wasan ƙarshe yana faɗuwa, biyu a hannun Jimmy Connors, biyu a hannun McEnroe. A 1981 McEnroe ya karɓe Wimbledon daga hannunsa, sannan ya sake doke shi a gasar Amurka a birnin New York, inda Borg ya fice daga filin tun kafin a miƙa kofi. A watan Janairun 1983 ya sanar da ajiye raket yana da shekara 26, lokacin da wasu ke fara cin ganiyarsu. Har yau abin yana sosa mini rai, domin ba rauni ne ya kore shi ba, sha'awar wasan ce ta ƙare a zuciyarsa.

Ya yi yunƙurin dawowa a 1991 a Monte Carlo, riƙe da irin raket ɗinsa na katako alhali kowa ya daɗe da komawa na zamani, Jordi Arrese na Sifaniya ya fitar da shi a zagayen farko.

Da muka iso gida ɗana ya tambaye ni: "Baba, shekara nawa ya yi yana buga ƙwallo a ƙofar garejin?" Na ce masa ya je ya duba ko raket ɗinsa ya tsage. Bai tsage ba, kuma washegari bayan sallar la'asar na jiyo ƙarar ƙwallo a jikin katangar bayan gida.